Sha-kauci a Gidan Suruki

Shekara guda Iya ta ba ni, ko kwana ɗaya ba ta ƙara a kai ba. A gaban likita ta yanke, ranar da aka sallame ta daga asibiti a nan Dutse, ɓarin jikinta na hagu a shanye, magana ma sai ta yi da gaske take fita. Likita ya ce lallai ta zauna kusa, inda za a riƙa ba ta maganin hawan jini safe da yamma, a kuma kai ta gashin ƙashi duk mako. Iya ta dubi bango, ba ta dube ni ba, ta ce, "Shekara ɗaya. In ta cika, Sagiru ya mai da ni ɗakina."

Ɗakin nata yana wani ƙauye can bayan Miga, kuma babu kowa a gidan tun da Baba ya rasu. Sagiru ƙanena ne, direba, tasharsa Ringim, bai yi aure ba, rabin kwanansa a mota yake yi. In Iya ta koma can, na san maganin nan a bakin taga zai ƙare, in kuma ta sake faɗuwa sai dai maƙwabta su tsince ta. Tun daga ranar abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai, yadda zan yi ta zauna.

To amma ta ina? Ni Kubura ni ce 'yar farinta. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "ke", in kuma da wani take magana ta ce "waccan". Hira tsakaninmu ba ta wuce gaisuwa da aike. Ga shi kuma inda na kawo ta gidan suruki ne, gidan maigidana Malam Uwaisu a Limawa. A wurin Iya, mace ta tare a gidan mijin 'yarta tana cin tuwonsa abin kunya ne da ya fi ciwon da ke jikinta.

Ni kuwa duk wanda ya san ni ya san ba na wasa da tsabta. Malamar firamare ce ni, kuma na san "Malama Tsintsiya" suke ce mini a bayan idona, oho dai. Kwana uku kafin a sallamo Iya na tashi haiƙan. Ɗakin baya na gyara mata, wanda ƙofarsa ke kallon ɗan filin da ke tsakanin gini da katanga. Akwai tsohuwar kurna a filin, kauci ya cika rassanta, wannan tsiron da ke manne wa bishiya yana shanye mata ruwa. Kowa ya san kauci kashe bishiya yake yi. Na kira mai gatari ya hau ya sare duk reshen da ke ɗauke da shi. A gindin katanga kuma ga tumfafiya har guda uku, sun yi tsayi abinsu. Haba! Tumfafiya a gidan mutane, sai ka ce kango? Me 'yan dubiya za su ce? Na sa aka sassare su. Na kakkaɓe yanar gizo-gizo, na fesa maganin ƙwari, na zuba sabon yashi. Na tsaya na duba, na ce madalla, yanzu wuri ya yi.

Iya ta shiga ɗakin, ta zauna a bakin gado, shi ke nan. In Malam yana gida ko tari ba ta yi da ƙarfi. In ya fita aiki ta ɗaga labule sau ɗaya da safe, ta kasa kunne kamar mai jiran sallama, ta saki labulen. Tuwo loma uku, fura kurɓi biyu. Mai gashin ƙashi ta ce sai tana takawa, in ba haka ba ƙafar za ta sandare. Na yi lallashi, na yi mita, na shiga kicin na yi kuka. Cikin wata biyu zoben azurfarta ya fara zamewa daga yatsa.

Maƙwabciyata Liyatu ce ta gano abin da ke damunta. Ita da mijinta Bot mutanen Filato ne, shekara goma sha ɗaya katangarmu ɗaya, kuma a sashen gandun daji take aiki. Ita ba ruwanta da wata kunya. Ta shigo ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa, "Mama, yaya jiki? Mama, ba ni labarin ƙauye." Ni da na fito daga cikin matar nan ba na samun magana uku a jere, amma in Liyatu ce sai in jiyo su har da dariya. Na ji kishi, ba zan ɓoye ba.

Ran nan ta same ni ina tsintar shinkafa, ta ce, "Maman Ummi, kin san abin da Mama take saurare da safe?"

Na ce, "Da na sani zan zauna ina kallo tana ramewa?"

Ta ce, "Tsuntsu ne. Sha-kauci. Ta ce shekara arba'in da wani abu, da ta idar da sallar asuba ta zauna a ƙofar ɗaki da kokonta, sai sun sauka a shingenta. Nan kuwa ta ce shiru kamar gidan makoki, ko gwara ba ta leƙowa."

Na san tsuntsun. Ɗan mitsitsi ne, da kaɗan ya fi babban yatsa. Namijin kore ne shar yana ƙyalli, wani da jan ƙirji, wani da rawaya a ciki da dogon bindi, bakinsa siriri yana zura shi cikin fure ya sha zaƙin. Nan take na tuna ai suna zuwa gidan nan da. A kan kurnar nan nake jin su in ina shanya. Ni ce na kore su da hannuna, saura kwana uku ta zo. Na ɓoye wa Liyatu wannan, na ci gaba da tsintar shinkafata.

Da ina da hankali, a wurin zan nemi shawararta, ga ma'aikaciyar gandun daji a zaune a gabana. Ina! Girman kai ya hana. Na ce a raina tsuntsu dai fure yake so, ai sai in ba shi furen da bai taɓa gani ba. Washegari daga makaranta na zarce wurin masu sayar da fulawa a bakin titi, irin wadda ake shukawa a ƙofar ofisoshi. Na zaɓo waɗanda suka fi cika ido, masu faɗin fure ninki-ninki, ja da fari da ruwan hoda, kowace a baƙar leda. Mai sayarwa ya ce wasu daga Jos aka kawo su, wasu ma asalinsu ƙasar waje. Da na ji haka sai na ƙara uku.

A watan Afrilu fa ake wannan, tsakiyar bazara. Wanda ya san Dutse ya san yadda duwatsun nan suke shan rana su amayo wa mutane. Safe bokiti huɗu, yamma bokiti huɗu, famfo kuwa sai ya ga dama. Na riƙa tare mai ga-ruwa saboda fulawa, har Malam ya ce, "Wai mu ne za mu yi wanka ko su?" Duk da haka kafin azahar sun langaɓe. Cikin mako uku rabinsu sun bushe ƙurmus. Waɗanda suka rayu kuwa ko ƙuda bai kula su ba, balle tsuntsu.

Liyatu ta shigo ta tsaya a kansu, hannu a ƙugu, ta yi dariya har da hawaye. "Maman Ummi! Ni da na fito daga Jos ban kawo waɗannan Dutse ba, sai ke? Ai sanyi suka saba da shi. Kuma dubi nan." Ta tsinko ɗaya ta buɗe mini cikinsa. "Ninki ne kawai a kan ninki, don ido aka yi shi, babu ruwan zaƙi ko ɗigo. Tsuntsun nan fure mai dogon wuya yake nema, inda zai zura baki. Kuma na ƙasar nan, wanda ya sani, wanda ke fure ko ba a yi ruwa ba."

"Kamar me?" na ce, raina a ɓace.

"Ni a takarda na karanta. Ga wadda ta zauna da su shekara arba'in can a bayanki."

Na juya. Ashe Iya tana tsaye a bakin ƙofa, ta dafa bango. Ban san tana iya kaiwa nan ita kaɗai ba. Kurna take kallo, daidai wuraren da gatari ya bari. Ta ce wa Liyatu, "Tambayi waccan, wa ya yi wa bishiyar nan aski?"

Na durƙusa. Na ce, "Iya, ni ce. Kauci ne ya cika ta, na sa aka sare. Tumfafiya ma uku na sare a can. Don ki zo ki samu wuri fes na yi."

Ta sake duban kurnar. Can ta ce, "Fes kam ya yi. Kamar ban baro asibiti ba."

Wallahi maganar ta shige ni. Amma a ƙasan zafin akwai daɗi, don na manta rabon da ta tanka mini kai tsaye. Kuma ba ta tsaya nan ba. Ta sa aka kawo mata kujera, ta zauna, ta fuskanci Liyatu, ni ina gefe kamar 'yar rakiya.

"Minjirya," ta ce. "Ita ba iri ake shukawa ba. Reshe ake sarowa mai kaurin hannu, a kafa da ruwan farko. Da sanyi in ta zubar da ganye sai ta fito da jan fure, har faɗa suke yi a kanta." Ta ce a nemo kabar giwa a gindin duwatsu, mai kaurin ganye da ƙaya a gefe, wadda da an ɗauke ruwa take fitar da doguwar sanda da fure a kai. Kariya kuma a sa ta inda rana ta fi duka, kada a dame ta da ban ruwa, ruwa ne ke ruɓar da ita, a kuma nisanta ta da yara don ƙaronta dafi ne. Zogale kowa ya san shi. "Tumfafiya kuwa a ƙyale ta kawai. Saiwarta tana nan, adda ba ta kashe ta. Ita ba ta san rani ba, kullum da furenta."

Liyatu ta zaro biro tana rubutawa a tafin hannu. Ta ce mini, "Kin gani? In wannan ya gama fure wancan ya karɓa, tsuntsu ba zai zo ya tarar da tukunya a kife ba. Abin da muke zaman taro a kai ke nan a ofis."

Da aka yi ruwan shuka a watan Yuni, Sagiru ya zo da mota ranar Asabar, muka nufi Miga ni da shi da Liyatu. Daga shingen Iya muka saro minjirya reshe bakwai. Ban so na shiga gidan ba, amma na shiga. Gara ta ci ƙofar rumbu, randa a bushe, daga ɗakin zuwa rijiya tafiya ce mai nisa ko ga mai ƙafa biyu. Na tsaya ina auna yadda Iya za ta yi ta da sanda da guga, na fito da sauri. A wata bagaruwa a bakin tafki Sagiru ya hau ya tsinko mana 'ya'yan kauci jajaye, muka naɗe a ɗanyen ganye kamar yadda Iya ta ce. Kabar giwa a hanyar dawowa muka samu, a gindin wani dutse kafin a shiga gari. Ni na so mu kwashe duka, Liyatu ta buge mini hannu ta ce 'ya'yan gefe kawai za mu cira, a bar uwayen.

Sagiru ya dubi bayan motarsa ya ce, "Yaya, in 'yan tasha suka gan ni da lodin nan cewa za su yi na bar tuƙi na koma boka."

Na ce, "Tuƙa mu dai, boka ma ai sana'a ce."

Rigimar da ban zata ba ita ce ta Malam. Da ya ji za a mayar wa kurna kauci da gangan, ya ajiye cokali. "Kauci? A kurnar da mahaifina ya shuka? Jiya kin kira a sare, yau kin je daji kin ɗauko?" Shi da Iya kuwa ba a magana ido da ido. Daga bayan labule yake durƙusawa ya gaishe ta, ta amsa ƙasa-ƙasa, ya tashi. Sai na zama 'yar aike tsakanin falo da ɗakin baya. Na kai ƙorafinsa, ta ce a gaya masa reshe ɗaya kawai take so, bishiya tana iya ɗaukar ɗaya, in ya nemi yaɗuwa a rage. Na dawo da amsa. Ya ce to.

Washegari da yamma sai ga shi da zana uku a bayan babur. Shi da kansa ya kafa itace, ya tare lungun da ke zuwa filin baya, ya bar 'yar ƙofa. Ya goge gumi ya ce, "Ki gaya wa Iya, daga zanan nan zuwa katanga ba gidana ba ne, nata ne. Ba zan taka ba. In ina son kurna sai in aiko a roƙa mini." Shekara goma sha tara ina zaune da mutumin nan, ban taɓa jin na gode masa kamar ranar ba. Na kai saƙon, washegari kuwa a waje Iya ta sha kokonta.

Ita ta nuna inda za a kafa kowane abu, tana nuni da sanda ina haƙa. Kauci kuwa ta ce ba aikina ba ne. Ta taka har gindin kurna, taku goma sha ɗaya, na ƙirga. Ta ɗora hannun nan mara lafiya a kan reshen da ya sunkuyo ta danne shi, ta matse ɗan kaucin da hannun dama, ƙwayar ta fito da danƙo, ta manna a jikin ɓawo. Haka ta yi har biyar.

Na ce, "Iya, sai yaushe zai yi fure?"

"Shekara biyu. Ko uku."

Na ce, "Ashe za ki ga furensa."

Ta goge yatsa a bakin zani. "Don ku na sa. Ni ƙarshen sanyi zan tafi."

Na ɗauki fartanya na ci gaba da haƙa.

Damina ta yi kyau a shekarar. Minjirya huɗu suka kama, uku suka ruɓe. Tumfafiya ta tofo kamar da gayya, ta fi ta da yawa. Zogale ya wuce katanga. Kullum da safe Iya sai ta zaga su ɗaya bayan ɗaya da sandarta, ta taɓa wannan, ta yi wa wancan faɗa. Mai gashin ƙashi ta tambaye ni wane magani muka ƙara, na ce tumfafiya, ta ɗauka wasa nake yi.

Ni ce dai na sha wuya. Iya ta kafa doka: ba shara a bayan zana sai ta ce, ba fesa magani, ba taɓa yanar gizo-gizo, wai da ita tsuntsayen suke ɗinka sheƙa, ƙananan ƙwarin kuma su suke ba 'ya'yansu. Ni Kubura, ina ganin yana a saman ƙofa, tsintsiya a hannuna, in wuce! Har ƙaiƙayi hannuna yake yi. Wata abokiyar aikina, Malama Ikilima, ta zo dubiya ta leƙa bayan zana ta riƙe baki. "Malama, lafiya? Tumfafiya a gidanki?" Na ce, "Lafiya lau, shuka ta muka yi. Kina son iri?"

Ruwa ya ɗauke, ko'ina ya fara bushewa, amma bayan zana bai san ana yi ba. Ruwan alwalar Iya da na wankin shinkafa su ne duk abin da suke samu. Kabar giwa ta fitar da sanda uku, fure ya rataya a kansu ja-ja. Wata safiya a watan Nuwamba ina ɗaura ɗankwali zan tafi makaranta na ji Iya tana cewa, "Ke! Ke!" Na ce shi ke nan ta faɗi. Na fita a guje ba takalmi. Tana zaune lafiya lau, ta ɗaga mini hannu wai in tsaya. A kan sandar kabar giwa ga wata 'yar tsuntsuwa toka-toka, ta maƙale a kife tana zura baki.

Na ce a hankali, "Wannan ce? Ai ba ta da ko launi."

"Macen ce, sarkin surutu. Ita ke fara duba wuri."

Bayan kwana biyu namijin ya zo. Rana ta doke shi, koren nan ya yi walƙiya, ya yi kukansa siriri ya koma kan tumfafiya. Na dubi Iya. Bakinta na motsi, hamdala take yi. Ranar na makara, shugabar makaranta ta yi mini faɗa, ina ta murmushi kamar wata sakarya. Kafin sanyi ya kankama sun kai shida ko bakwai. Da minjirya biyu suka buɗe a watan Janairu kuwa, har Liyatu take shigowa da kofin shayinta kafin ta tafi ofis, su zauna su biyu suna raba gardamar wane namiji ne ya fi masifa.

Sai dai maganar zama, ko sau ɗaya Iya ba ta ɗaga ta ba. Ta yi ƙiba, tana zuwa har zaure in Malam ba ya nan, tana shan magani ba sai an tuna mata ba. Ina ganin haka nake cewa ai an gama. Sai ranar nan na shiga ɗakinta na tarar tana ninke zannuwanta tana jerawa a jaka. Ni ba ni da bakin tambayarta, sai na tura Liyatu. Ta dawo tana girgiza kai. "Ta ce ita magana ɗaya take yi. Ta ce ta warke, zaman gidan suruki kuma ya isa haka."

Na yi fushi, na ce ashe duk wahalar nan ƙarfin tafiya na tara mata. Kwana biyu ina buga kwanuka a kicin. Daga baya na sauko. Na tuna yadda aka shigo da ita gidan nan a ɗauke, ga shi yau za ta fita da ƙafarta. Na ce Allah na gode, ko iya nan aka tsaya ka yi mini komai. Na ƙulla mata maganin wata uku a leda-leda, na safe daban na yamma daban. Na yi mata yaji da kuka da daddawa. Ina ƙullawa ina share hawaye da gefen mayafi.

Ranar Asabar ta biyu a watan Fabrairu shekara ta cika. Sagiru ya iso da hantsi. Na fitar da jakunkuna zaure, Malam ya durƙusa a bayan zana ya yi mata sallama da fatan sauka lafiya, ya fita don kada ta ji nauyin wucewa ta gabansa. Muka shiga ni da Sagiru muka same ta a kujerarta, ta yi lulluɓi, sanda a kan cinya, a shirye tsaf.

Sagiru ya ce, "Iya, rana tana yi."

"Zauna," ta ce.

Ya tsuguna, ni ma na tsuguna. Ban san me muke jira ba sai da na bi idonta. Macen nan ce take zirga-zirga. Ta je kan tumfafiya inda wani ƙwanso ya fashe, ta figo farar audugarsa, ta kai can ƙarshen wani siririn reshen kurna. Akwai wani ɗan abu da ke lilo a wurin kamar jakar tsaba, bai gama haɗuwa ba. Ta cusa audugar, ta dawo, ta sake figa. Namijin yana saman minjirya yana ta kuka, ko tsinke bai ɗauka ba.

Mun fi minti goma a haka. Sagiru ya dubi agogo ya dube ni. Sai Iya ta kwance bakin zaninta, ta ciro makulli, ta miƙa masa.

"Ka tafi kai kaɗai," ta ce. "A ƙarƙashin gadona akwai akwatin ƙarfe. Shi za ka ɗauko mini."

Sagiru ya ce, "Iya, ban gane ba. In ɗauko in kai ina? Kayan sawa ne a ciki?"

"Likkafanina ne. Tun rasuwar babanku na saya na ajiye. Na bar shi can ne don na ɗauka can za a neme shi." Ta gyara riƙon sandarta. "Kawo shi nan."

Sagiru ya sunkuyar da kai. Ni kuwa sai da maganar ta zaga ta dawo sannan na gane abin da aka ba ni. Ba wata shekarar ta ƙara mini ba, duk abin da ya rage mata ne. Na kifa fuskata a kan ƙafarta, wannan ta hagun, ina kuka ina cewa na gode, Iya, na gode, Allah na gode maka. Ban taɓa taɓa ta haka ba tun ina yarinya. Na ji hannunta ya sauka a kaina, ya ɗan jima a wurin.

Sannan ta ture ni da gwiwa ta ce, "Ke, ya isa. Tashi ki shigo da kayan nan kafin mutane su gani su zo sallama."